Fentin Mai a Tsohon Gidan Kaji

Shekara ashirin da shida ina sana'ar fenti, kuma ban taɓa yin aikin da nake jin kunyar a ce nawa ne ba sai na tsohon gidan kaji. Aikin bai yi muni ba. Da ma ya yi munin, da na fi samun sauƙi.

Gidan kajin yana can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare ƙasa ta fara gangarawa zuwa fadama. Dogayen ɗakuna uku ne a jere. Na farko a kan tudu kusa da hanya, na biyu a tsakiyar gangaren, na uku can ƙasa inda ciyawa ba ta bushewa ko da rani. An daɗe da daina kiwo a wurin. Wani kamfani ya saye filin gaba ɗaya, yana so ya yanka shi ya gina gida tamanin, yana jiran kwamitin tsara gari ya duba ya sa hannu.

Babbar 'yata tana aiki a ofishin tsara garin. Biro muke ce mata a gida, don tun tana aji biyu ba a raba ta da biro a bayan kunne. Lokacin watanta biyar ke nan da fara aiki, kuma sai ta cika wata shida na gwaji kafin a tabbatar da ita. Ni aji shida na tsaya. Duk safiya idan na ga ta rataya katin aikinta a wuya sai tsoro ya kama ni, ban san dalili ba. Ina tsoron mota, ina tsoron bakin mutane, ina tsoron kada ta yi kuskure a takarda a ce 'yar mai fenti ce, me ake tsammani.

Ɗan Kwangila ne ya kai ni wurin, ni da Dogo, abokin aikina tun muna samari. Ɗan Kwangila mutum ne da ya shekara goma yana ba mu aiki, ba ya wulaƙanta mu. Ya zaga da mu ɗakunan uku, yana tafe yana kakkaɓe ƙafar wandonsa.

Ya ce, "Ciki da waje nake so. Kwana biyar."

Dogo ya ɗaga kai ya dubi rufin da kwanonsa ya ɓuɓɓule. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba rushewa za a yi ba? Wa yake yi wa gawa kitso?"

"Ofis da sito za mu yi a ciki kafin gini ya kankama. Kuma muna da baƙi mako mai zuwa." Ya nuna ƙasan bangon da mukullin motarsa. "Musamman wannan dattin. Shi nake so ya ɓace, kada ko alamarsa ta rage."

Na san ba datti ba ne. Duk wanda ya yi fenti ya san tabon ruwa. Idan ruwa ya kwanta a jikin bango ya kwana biyu, to yana tafiya zai bar shaida: ƙasan ya yi duhu, saman kuma a sami wani siririn layi fari-fari kamar an yayyafa gishiri. A ɗakin farko layin bai wuce idon sawu ba. A na biyu ya kai gwiwa. A na uku da na tsaya kusa da shi, daidai ƙirjina yake.

Na san su wane ne baƙin: 'yan kwamitin tsara gari. Na ce wa kaina ofishin tsara gari babba ne, mutum ya fi arba'in a ciki, ina ruwan ƙaramar ma'aikaciya da filin gida tamanin. Na kuma ce wa kaina ni fenti aka ce na yi, ba a ce na yi rantsuwa ba. Da wannan na ɗauki tsani.

Akwai abin da mai fenti ya sani wanda mai gida bai sani ba. Fentin ruwa ba ya rufe tabon ruwa. Ko shafi huɗu ka yi, bayan mako biyu tabon zai leƙo ta ciki yana maka dariya. Sai fentin mai, mai kauri, mai duhu. Shi kuma ba a barnatar da shi a kan bango gaba ɗaya, iyakar inda cutar ta tsaya ake sa shi. Don haka muka yi shawarar a yi saman da fentin ruwa mai ruwan madara, ƙasan kuma a ɗaura masa fentin mai ruwan ƙasa, kamar yadda ake yi wa azuzuwan makaranta.

Inda kala biyu suka haɗu, nan ake gane gwani. Dole layin ya miƙe. Yawanci sai mun ɗauko tiyo mun cika shi da ruwa, mutum ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, muna sa alama, sannan mu ja zare mai bula mu ɗaɓa a bango. Dogo ya tafi ɗauko tiyon sai na kira shi.

Na ce, "Bar shi. Ga layi an riga an ja mana."

Ya dubi farin layin nan, ya yi dariya. "Wallahi kuwa. Ruwa ya fi mu ido."

Haka muka bi shi, ɗaki bayan ɗaki, ciki da waje. Inda gishirin nan ya tsaya, nan bakin buroshina ya tsaya. Muka gama a kwana huɗu. Da na koma bakin hanya na waiwayo, layin ya miƙe kamar an yanka da wuƙa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Ranar Laraba ta mako na gaba na dawo gida da la'asar na tarar da Biro ta riga ni, abin da ba ta saba ba. Tana zaune a kan kujerar roba a tsakar gida, ko takalmi ba ta cire ba, da wata takarda a cinyarta. Uwarta tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

Na ce, "Lafiya? Ba ki da lafiya ne? Mota ce?"

"Lafiya lau, Baba. Sannu da zuwa."

Uwarta ta ce, "Ina fa lafiya? Takardar tuhuma aka ba ta."

Na zauna a bakin rijiya. Biro ta yi mini bayani a hankali, yadda take yi idan ta ga na rikice. Wata ɗaya da ya wuce shugabanta ya aike ta ta fara duba wani fili. Ta je, ta gani, ta rubuta cewa ruwa yana shiga filin, kuma a gine-ginen da ke ciki akwai alamar ya taɓa kai wa ƙirjin mutum. Ta ba da shawarar kada a yarda a gina gidaje a ɓangaren ƙasa. Jiya 'yan kwamiti suka je da kansu, da rahotonta a hannu. Ba su ga komai ba sai bango mai sheƙi.

"Ba ki ɗauki hoto ba?" Na tambaye ta.

"Na ɗauka. Injiniyan kamfanin ya ce bangon da ke hoton ba nasu ba ne, nasu mai fenti ne. Ya ce ko a ina ana samun tsohon bango." Ta ninke takardar. "Oga ya ce ko dai na janye rahoton na rubuta cewa na yi kuskure, ko na tsaya gaban kwamiti ranar Litinin na kare shi. Idan suka ce ƙarya na rubuta, babu maganar tabbatarwa."

"Wane fili ne?"

Ta dube ni. Ba ta daɗe ba ta mai da idonta kan takalminta. "Tsohon gidan kaji."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Iyakar abin da na ce ke nan. Na tashi na shiga ɗaki na cire rigar aiki, na cusa ta can ƙarƙashin gado saboda fentin nan mai ruwan ƙasa da ya ɗiga a hannunta.

Kwana uku ina yawo da abin a raina. Ina zuwa wani ɗan aiki da muke yi a shagon magani, ina shafa bango ɗaya sau uku ba tare da na lura ba. Dogo ya ce, "Kai, bangon nan bai yi maka laifi ba." Da na gaya masa, ya ajiye rolar fenti. Ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma je ka ga mutumin, ko zai sa baki."

Na sami Ɗan Kwangila a ofishinsa, ɗan ɗaki a saman shagon taya, da fanka tana kaɗa takardu. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi. Da na gama magana ya jingina.

"Ashe 'yarka ce? To ai abin ya zo da sauƙi. Ka ce mata ta janye. Yarinya ce, sabuwa ce, wa zai riƙe ta da kuskure? Shugaban nata ma haka yake so."

"Ba kuskure ta yi ba, ranka ya daɗe."

"Malam, ni na ce maka ta yi? Za a cike wurin da ƙasa, za a yi magudana, injiniyoyi sun zana komai. Kai mai fenti ne, ka yi fenti, ka yi shi da kyau." Ya murza zoben hannunsa. "Gida tamanin, ciki da waje. Ka san wa nake da niyyar ba wa. Shekara biyu ba za ka nemi aiki ba."

Na yi masa godiya. Wannan ma yana cikin abin da nake jin kunya, cewa har godiya na yi kafin na sauko.

Ranar Asabar da hantsi Biro ta fita wurin ƙawarta. Ina tsugune ina wanke buroshi da kananzir sai uwar yara ta zo ta tsaya a kaina. Ta jefo rigar nan ta ƙarƙashin gado a gabana, an wanke ta an ninke, amma fentin mai ba ya fita.

Ta ce, "Baban Biro, har yaushe za ka ci gaba da yi mana kurum kamar an aiko ka?"

Na ce, "Me kuma na yi?"

"Ta sani."

Na ci gaba da murza buroshin.

"Na ce maka ta sani. Tun ranar da suka je da kwamiti. Ta ce tana sauka daga mota ta ga yadda aka zagaye ƙofa da layi ta san hannunka ne. Ba ita take riƙe maka zare ba lokacin da ka yi mana ɗakin nan?"

"Me ya sa ba ta ce mini komai ba?"

"Ta ce maka me? Baba ka yi ƙarya? Haka ka tarbiyyantar da ita?" Ta sauke murya don yaran maƙwabta suna wasa a ƙofar gida. "Ta ce kada na gaya maka, amma ni ba zan iya ba. Ta ce layin da ka ja shi kaɗai ya ishe ta hujja. Wai wane mai fenti ne zai yi ɗaki ɗaya a idon sawu, ɗaya a gwiwa, ɗaya a ƙirji? Ta ce idan aka ɗora ma'auni, duk ukun a tsayi ɗaya suke, don ruwa ne ya ja su, kai bi kawai ka yi."

Na ji kamar an watsa mini kananzir ɗin a fuska. Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. An ce na ɓoye layin ruwa, ni kuma saboda gwaninta na sake zana shi da fenti mai duhu, na fito da shi fiye da yadda yake, ana hango shi tun daga bakin hanya.

Na ce, "To ta nuna musu mana! Me take jira?"

"Idan ta nuna za a ce wa ya ja. Za a kira ka. Ta ce ba da bakinta za a kai ubanta gaban mutane ba." Ta ɗauki bokitinta. "Ba za ta janye ba, kuma ba za ta faɗa ba. Taurin kai dai ka san inda ta gado shi, ba wurina ba."

Ban iya cin abincin rana ba. Da Biro ta dawo ta gaishe ni, na amsa ina duban bango. Ni da nake tsoron kada wani a waje ya cuce ta.

Ranar Litinin na bar ta ta fita, sannan na sa rigata mai kyau na bi bayanta. A zauren taro na ƙaramar hukuma ake zaman. Dogon teburi a gaba da mutum bakwai a bayansa, kowa da robar ruwa. An manna babban zanen filin a jikin allo, gidajen tamanin kamar ƙananan akwatunan ashana, fadamar kuma an shafa mata kore a gefe. Kujerun roba sun kai sittin, rabinsu babu kowa. Na zauna a layin ƙarshe, bayan wani mai ƙiba, kusa da ƙofa. Na lura fentin silin ɗin yana ɓarewa a kusurwa, na kafa masa ido.

Shugabar kwamitin dattijuwa ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya amma kowa yana jin ta. Ta ba Injiniyan kamfani dama. Ya yi magana mai tsawo da ɗan sanda a hannu yana nuna zane, magudana nan, kwalbati can. Ya ce filin tudu ne, ruwa iyakarsa ciyawa. Ya ce, "'Yan kwamiti sun je sun gani da idonsu. Ba na son na ɓata wa kowa suna, ƙanwata ce, kowa da ranar da ya fara aiki. Wataƙila an kai ta wani wurin ne daban."

Wasu suka yi dariya. Ɗan Kwangila yana layin gaba, bai yi dariya ba, wayarsa yake dubawa.

Aka kira Biro. Ta miƙe da fayil a ƙirjinta. Ta ce ta je ranar kaza, ta ga alamar ruwa a ɗakuna uku, ta auna na ƙasan da tef, ta rubuta abin da ta gani.

Shugaba ta ce, "Mun je ba mu gani ba, 'yata. Kina da wata hujja ban da hotunan?"

Biro ta ce, "Abin da na rubuta shi na gani, ranki ya daɗe."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Ba ni da abin da zan ƙara."

Shugabanta, wani siririn mutum a ƙarshen teburin, ya rufe fuska da tafin hannu. Shugaba ta rubuta wani abu, sannan ta ce idan akwai mai magana cikin jama'a ya ɗaga hannu. Wata mata mai noman ganye a bakin fadamar ta tashi ta ce duk damina ruwa yana cinye mata kunya uku, kuma ta taɓa ganin yara suna iyo a ƙofar ɗakin ƙasa. Injiniya ya tambaye ta wace shekara, ta ce shekarar da ta haifi na huɗu. Aka sake yin dariya, ta zauna tana gunaguni.

"Akwai wani?"

Hannuna yana kan gwiwata kamar an ɗaure shi. Na tuna gida tamanin. Na tuna Dogo da yaransa. Na ce a raina bari wani ya fara. Babu wanda ya fara. Shugaba ta ɗauki murfin bironta za ta rufe.

Ban ɗaga hannu ba, miƙewa kawai na yi, kujerar ta faɗi ta baya da ƙara. Kowa ya waiwayo.

"Malam, magana ce?"

"Ni ne na yi fentin."

"Matso gaba, ba ma jin ka."

Tsakanin layin ƙarshe da teburin nan bai fi taku goma sha biyar ba, amma na ji kamar na taka zuwa wani gari. Ban dubi inda Biro take ba. Na tsaya na rasa inda zan sa hannuwana, na haɗa su a baya kamar ɗan makaranta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni mai fenti ne. Mako biyu da suka wuce aka sa ni na shafe ɗakunan. Tabon yana nan. Yana ƙarƙashi. Fentin mai na sa masa don na ruwa ba ya rufewa." Na ƙara da cewa, "Kuma layin, inda ruwan ƙasa ya haɗu da ruwan madara, ban auna ba. Tabon na bi. Idan kuka duba za ku ga na sama a idon sawu yake, na ƙasa a ƙirji. Ba a fenti haka. Ni ma ban taɓa yi ba."

Wani daga baya ya ce, "Kai, wannan ya ɓoye akuya ya bar igiya a waje!" Zauren ya ɗauki dariya. Shugaba ta ƙwanƙwasa teburi.

"Ka san dalilin da ya sa aka ce ka shafe?"

Da na ce ban sani ba, da babu mai kama ni. Na ce, "An ce mini akwai baƙi. Na gane."

"Ka gane, ka yi."

"Na yi."

Ta cire tabarau ta dube ni sosai. "To me ya kawo ka yau?"

Na nuna gefen da Biro take ba tare da na juya ba. "'Yata ce."

Surutu ya tashi ko'ina a zauren. Injiniya ya miƙe tun kafin a ba shi dama. Ya ce to ga shi nan, uba yana cin abinci a wurinmu, 'ya tana rubuta rahoto a kanmu, wa ya san abin da aka ƙulla a gida. Shugaba ta ce ya zauna. Ta juya wurin Biro.

"Kin san mahaifinki ne ya yi aikin?"

"Na gane ranar da muka je."

"Kin kuma gane abin da layin yake nufi?"

"Na gane, ranki ya daɗe."

"Kika tsaya a gabana yanzu kika ce ba ki da abin da za ki ƙara."

A lokacin na dubi Biro. Ba kuka take yi ba, ta dai ƙanƙame fayil ɗin, idonta a kan teburi. Na zo ne don na wanke ta, sai ga shi da bakina na buɗe mata wani laifin da ta yi saboda ni.

Aka ɗage zaman. Bayan kwana biyu suka koma filin da nasu ma'aunin, suka ce na zo da wuƙar kankare fenti. Na kankare tafin hannu ɗaya a kowane ɗaki, a gaban mutum bakwai da Injiniya da matar nan mai ganye, wadda ta zo ba a gayyace ta ba. Gishirin yana nan a bakin layin, bai matsa ko kaɗan ba. Ba a bar Biro ta zo ba. Kwamiti ya mai da wa kamfanin zanensa, aka ce a cire duk gidajen da ke ƙasa da ɗaki na biyu a sake kawowa. Ɗan Kwangila bai yi mini faɗa ba. Da muka haɗa ido a wurin ya gyaɗa kai kamar mun taɓa haɗuwa a mota, tun daga ranar kuma bai sake kirana ba. Dogo ya kwana biyu ba ya ɗaukar wayata, a na uku ya zo da kansa ya ce akwai wata katanga da za mu yi wa fenti.

Takardar Biro ta fito ƙarshen wata. An soke tuhumar farko, an rubuta cewa rahotonta gaskiya ne. A ƙasa kuma aka ce ta ɓoye wa kwamiti abin da ta sani saboda dangantaka. An ƙara mata wata shida na gwaji, an ɗauke ta daga duba filaye an kai ta ɗakin ajiyar fayil.

Na ce zan je na roƙi shugabanta. Ta ce, "Baba, don Allah kada ka je." Yadda ta faɗa ya sa ban sake tayar da maganar ba.

Washegari na raka ta bakin titi, abin da na daina tun tana sakandare. Ina ɗauke da bokiti da rola, za ni wurin katangar Dogo. Muka tsaya a gaban shagon mai gyaran waya, ba a buɗe ba tukuna. Motoci biyu suka wuce a cike.

Na ce, "Ɗakin fayil ɗin, akwai taga?"

"Akwai ƙarama. Akwai ƙura dai."

"Ki riƙa rufe hanci. Kin san ƙirjinki."

"To, Baba."

Na sauya wa bokitin hannu. Na shirya maganar tun asuba, amma da na buɗe baki sai ta fito guntu. "Ni na ja miki. Ki yafe mini."

Ta waiwaya ta ga ko akwai mai jin mu. "Haba Baba, a titi?"

"A gida ma na kasa."

Ta daɗe tana gyara igiyar katinta. Ta ce, "Da ka zauna a kujerar nan ba ka tashi ba, da yanzu ina gida, kuma sunana maƙaryaciya. Wata shida ba shekara shida ba ce." Ta saki igiyar. "Amma na ji haushinka. Har yanzu ina ji, kaɗan."

"Kin yi daidai."

Mota ta tsaya, mutum ɗaya ya sauka. Ta shiga ta zauna a gefen taga, ta ɗora jakarta a cinya. Na matsa na ce wa direban ya bi a hankali, ya dube ni kamar ban da hankali, ya ja motar.